Dattijon da Ba Ya Gaishe Mu a Hanya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, babu wanda zai yi saura. Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi a gidansa da ke Jega, bayan ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba mu haɗa jini da shi ba ta kowace fuska, amma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. A rubutun nan ma ba zan ambaci sunan kowa ba, don shi ya koya mini haka.

Gaskiya ɗaya ce: a gidan makokin nan tsoro ne ya riga baƙin ciki kama ni. Muna zaune cikin gida, mata cike da tsakar gida har bakin madafa, sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta gyara zama ta ce, "Allah shi jiƙan Malam, Allah shi sa ya huta. Amma hwa ya yi surutu kahin shi cika. Ta bisa katanga muna jin murya sahe da marece, kamar ana shari'a."

Na ɗaga kai a hankali, sai na ga ashe ba ni kaɗai maganar ta tsorata ba. Carbin wata matar mahauci ya suɓuce ya faɗi kan tabarma. Wata mai sayar da awara a bakin tasha ta kama tarin da babu gaira babu dalili. Babu wadda ta dubi 'yar'uwarta, kowa ta kafa wa ƙasa ido. Tsohuwar kuwa ko a jikinta, ta ci gaba da ɓare goro.

A ƙofar gida ma, in ji maigidana, abin ya ɗaure wa 'ya'yan mamacin kai. Ga mahauta, ga direbobin tasha, ga dillalan albasa daga Aliero, ga manoma daga Fagada sun jingine kekuna a gindin darbejiya. Babban ɗansa ya riƙa tambaya a ɓoye, "Waɗanga mutane ina Baba yas san su?" Duk wanda aka tambaya sai ya ce ai maƙwabtaka ce, ko ya ce sun taɓa haɗa mota zuwa Sakkwato. Akwai kuma masu yabo da sara a lokaci guda, masu cewa mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da rowar gaisuwa, ka haɗu da shi ido da ido ya wuce ka kamar bai taɓa ganinka ba. Da na ji wannan magana sai na ciji leɓe, don na san dalilin rowar, kuma ba ni da ikon faɗa.

Baba ya dawo gida ne a shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin da aka riƙa mayar da ma'aikata kowa jiharsa. Ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta, ya daɗe yana aiki da masu taɓin hankali a can wajen Sakkwato. Ba ya allura, ba ya rubuta magani, ba ya tofi. Zama yake yi ya saurare ka. Mutanen gari suka rasa inda za su ajiye shi, suka sa masa suna likitan hira, wasu don raha, wasu don reni. Da aka tambaye shi ɗakin da yake so a asibiti, ya ƙi ofis mai fanka da ke gaba, ya zaɓi wani ɗan ɗaki a lungun da ake yi wa jarirai rigakafi. Aka yi ta yi masa dariya. Sai daga baya na gane cewa duk macen da aka gani a lungun nan da goyo, babu mai tambayarta abin da ya kawo ta.

Ni malamar firamare ce, 'yar Giwa Tazo, aure ya kawo ni Jega. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, in ya tafi sai an kwana biyu ba a gan shi ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, saboda haka da na haifi ɗan fari ban tafi wankan gida ba. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta zo daga Andarai ta zauna da ni don wankan jego.

A nan abin ya same ni. Kullum da safe Inna takan ɗora ƙatuwar tukunya a murhu, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta jefa ganyen darbejiya. Wata safiya ina tsaye da jaririn a hannu, sai wani tunani ya faɗo mini a rai daga inda ban sani ba: in na sake shi cikin tukunyar nan fa? Na gan shi ƙiri-ƙiri a idon zuciyata. Na ja da baya, na shimfiɗe shi a gado na fita. Washegari tunanin ya dawo. Jibi ya dawo da abokansa, wuƙar yanka kuɓewa, rijiya, turmi. Na daina ɗaukar yaron sai in zan ba shi nono, shi ma a zaune, bayana a jingine da bango, nesa da wuta. Barci ya ƙaurace mini. Na yi addu'a har muryata ta dushe, ina ce wa kaina ke wace irin uwa ce, dabba ma ba ta yi wa ɗanta wannan tunani.

Abin takaici, da farko yabo na riƙa sha. Mata masu zuwa barka suka ce, "Kai, wagga yarinya akwai kunya! Ɗan fari ne, ko kallonai ba ta yi." Inna tana ta washe baki, ta yi suruka mai alkunya duk da boko. Ina mutuwa a tsaye, su suna sa mini albarka.

Amma Inna ba yarinya ba ce. Da aka gama wanka ta ga har yanzu ina zagaye murhu kamar mai gudun maciji, ta ga na ɓoye wuƙaƙe a saman rumbu, sai ta fara yi mini kallon ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na san abin da ke bayan kallon. A Andarai akwai wata matar ƙanen mijinta da ta ruɗe bayan haihuwa. Na gan ta da idona a gidan wani mai magani, da marin ƙarfe a ƙafa, an aske mata kai. An karɓe ɗiyarta tun tana tsumma, yarinyar ta girma tana kiran wata daban uwarta. Matar ta warke daga baya, amma ba a mayar mata da 'yar ba, kuma har yau in ta wuce sai a ce ga mahaukaciyar nan. Abin da nake tsoro ke nan, a raba ni da ɗana. Dama Inna ta riga ta faɗa cewa in an yaye shi nata ne.

Wata tsohuwar nas ce ta lura da ni ranar rigakafi, don na ƙi karɓar yaron daga hannunta bayan ta yi masa allura. Ta nuna mini ƙofar ɗan ɗakin nan na lungu da haɓa.

Na tarar da wani dattijo siriri, da furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya bar ƙofa a buɗe rabi, ya sa nas ɗin ta zauna a benci can nesa, inda za ta gan mu amma ba za ta ji mu ba. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗiyata. Kahin ki ba ni kayanki, ki san inda za ni aje su. Abin da kic ce a ɗakin ga naki ne. Mijinki ba shi jinai daga bakina, ko uwatai, ko matata, ko babban likita. Wuri guda ne nika buɗe baki, in na ga rai cikin haɗari, naki ko na wani. Ko a nan sai na hwara gaya miki, mu zaɓi wanda za a gaya ma tare. Kin yarda, ko kina son ki tahi ki yi tunani?"

Na ce na yarda. Ya ƙara da cewa, "In kin gane ni bisa hanya, ba ni gaishe ki. Kada ki ji zahi. Garin ga kowa ya san aikina, duk wanda nig gaisa da shi an gama mai hisabi. In ke kika so, ki gaishe ni, in amsa."

Na faɗa masa komai, ina kuka kamar raina zai fita, ina jira ya miƙe ya kira a kama ni. Bai ko motsa ba. Ya yi mini tambayoyi masu yawa, wasu har suka ba ni haushi. Shin ina jin murya tana ba ni umarni? Shin na taɓa jin ina son aikatawa, ko dai tsoron aikatawa nake? Na taɓa tunanin kashe kaina? Ina ci, ina barci? Da ya gama ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce ba ni ce ta farko da ta kawo masa wannan ba, ciwo ne da yakan sami mata bayan haihuwa, kuma abin da ya gani a wurina tsoro ne, bai ga niyya ba. Amma ya ce zai ci gaba da dubawa duk zuwan da na yi, ranar da ya ga saɓanin haka zai faɗa mini a fuskata. Ya kuma tura ni wurin likita a duba jinina da rashin barcina, ya ce wannan ba gonarsa ba ce, ba ya shiga gonar da ba tasa ba.

Haka muka riƙa yi. Ya sa na fara zama da yaron a tsakar gida ina kallon murhu daga nesa, bayan wani lokaci na matsa kusa, har ranar da na goya shi na tuƙa tuwo. Ban taɓa jin daɗin tuwo irin na ranar ba, duk da ya yi gudaji.

Don murna na sa aka kawo mini ƙwan zabi daga Giwa Tazo, na ƙunsa a ƙwarya na kai masa. Mutumin nan ya dube ni ya ce in mayar. Na ce, "Haba Baba! A garinmu mai da kyauta zagi ne." Ya ce ya sani, a garinsu ma haka ne. "Amma in na ci ƙwanki yau, gobe in gaskiya mai ɗaci ta taso, harshena shi yi nauyi. Ke ma ki hwara ɓoye mini abin da za shi ɓata mini rai. Kai ma ɗanki shi ci." Na fita ina ƙunƙuni, na ce a raina wannan tsoho ko dutse ya fi shi laushi. Na yi fushin da ya kai na ƙi zuwa mako na gaba, bai aiko nemana ba, na gaji na koma da ƙafata.

Ranar da na fi jin tsoro a rayuwata, kafin ranar makokin nan, ita ce ranar da wan maigidana ya zo asibiti. Inna ce ta tura shi, don wata ta tsegunta mata cewa an ga na daɗe a lungun rigakafi. Shi kuwa a lokacin yana da ƙafa a wurin manyan sabuwar jiha, ya saba in ya yi magana a ce to. Ina cikin layi da goyo, bayan wani labule, na ji muryarsa a ƙofar Baba. Na tsuguna kamar mai gyara zane.

"Malam, tambaya guda ta kawo ni. Matar ƙanena tana zuwa wurinka?"

"Ba ni cewa tana zuwa, ba ni cewa ba ta zuwa."

"To ai ka amsa ke nan!"

"Ban amsa ba. Tambaye ni ko limamin garin ga shina zuwa, ka ji abin da za ni ce. Tambaye ni ko kai kana zuwa."

"Jininmu ne a hannunta, Malam. In wani abu yas sami yaron ga, kai ad da alhaki."

"Na ji, kuma na ɗauka. In kuna da damuwa bisa wani na gidanku, ku zamna da shi ku tambaye shi da lalama. In kai ad da damuwa, ga benci."

Wan maigidana ya ce zai ga wanda ya ɗaure masa gindi a garin nan. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da na shiga bayan an watse, na ga hannunsa na rawa a kan tebur, ya ɓoye shi a ƙarƙashin riga. Ashe shi ma yana jin tsoro. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga Jega aka mayar da shi wani ƙaramin asibiti a Maiyama, dattijo mai ciwon gwiwa ya koma bin motar haya safe da yamma. Bai taɓa ce mini saboda ke ne ba. Ni kuwa Maiyama hanyar gidanmu ce, sai na riƙa fakewa da gaida mahaifina ina biyawa.

Akwai lokacin da zuciyata ta yi rawa da shi. Wani manomi daga Fagada ya riƙa yawo a kasuwa yana zagin Baba, wai ya kai masa sirrinsa ya tona. Shi da bakinsa ya ba da labarin: ya ce wa Baba ya sayi maganin ƙwari zai sha, Baba ya ƙi barinsa ya fita shi kaɗai, ya sa shi ya zaɓi wanda za a kira, aka kira wansa. Da labarin ya iso ni, na tafi Maiyama a fusace na ce, "Ashe kana faɗa! Ni ma haka za ka yi mini?" Ya ce, "Ba ni zancen kowa da ke, kamar yadda ba ni zancenki da kowa. Naki kuwa, abin da nig gaya miki ranar hwarko shi ne har gobe." Manomin nan na gan shi a wurin jana'iza ta kafar zaure, ya fi kowa kuka.

Shi ya sallame ni da kansa. Ya ce na warke, ba ya son in saba da benci har in manta ina da ƙafafu. Daga ranar, shekaru, mukan haɗu a hanyar makaranta, shi da sandarsa ni da ɗana riƙe da hannuna, ya wuce mu yana kallon gabansa. Sau da yawa na so in ce Baba ina kwana, sai in ga idon mutane in haɗiye. Wannan yana ci mini rai har yanzu.

To ku dubi halin da na shiga bayan maganar tsohuwar nan. Ɗana ya shiga aji ɗaya. Da ƙyar maigidana ya hana a kai shi Andarai bayan yaye, Inna kuwa ba ta haƙura ba, dalili kawai take nema. Wadda ta yi jinyar Baba kuma matarsa ce, da duk gari ke kira Gwaggo, mai daddawa, macen da in labari ya shiga kunnenta da safe kafin la'asar ya kai Aliero. Kowa ya san sun sha faɗa da Baba a kan shirunsa, har ta taɓa yin yaji tana cewa ta auri rijiya. Ga shi kuma ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Inna ta zo gaisuwa daga Andarai ta sauka a gidana, kullum da hantsi sai ta yafa mayafi ta tafi taya Gwaggo zaman takaba. In ta dawo sai in bi fuskarta da kallo. In ta yi shiru in ce ta ji. In ta yi dariya in ce ta ji, tana jiran ɗanta ne su yanke. Ranar da ta kira yaron ta ɗora shi a cinya tana shafa kansa, sai da na shiga bayi na yi amai.

Bayan sadakar bakwai na kasa jurewa. Na tashi daga makaranta da rana tsaka, lokacin da na san Inna ta koma gida, na shiga wurin Gwaggo. Na same ta ita kaɗai a ɗaki, ta rame, carbi a hannu. Na yi gaisuwa, na ƙara gaisuwa, na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ce, "Gwaggo, an ce Baba ya yi magana da yawa a ciwon nan."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce in tura ƙofa.

"Ranar da ciwon yab buge shi na biyu, ya kama hannuna. Tun da nika tare da mutumin ga ban taɓa ganin tsoro a idonai ba sai ran nan. Yac ce, bakina ya hwara kuɓuce mini, ki hid da kowa. Shina kuka, ɗiyata, shina cewa kayan mutane, kayan mutane. Na kori 'ya'yanai daga ɗakin ubansu, har yau babban bai yahe mini ba. In ya hwara sambatu sai in ɗaga murya bisa tashi. In yi salati, in yi zancen tsadar kalwa, in yi hwaɗa da akuya, in jawo rigimar da munka yi tun ina amarya. Abin da maƙwabta sunka ji ke nan. Duk zamanmu shina cewa surutuna ya yi yawa, ashe da ranatai."

Har na fara hamdala sai ta ce, "Amma kunne ba shi da marhi. Na ji wasu. Na ji zancen tukunya da jariri. Bai kira suna ba, ko guda bai kira ba." Ta sake kallona. "Ban san ko ta wa ce ba, sai yanzu da kika shigo da rana tsaka kina rawar jiki."

Innalillahi! Mutumin ya riƙe mini amana har cikin magagin mutuwa, ni na kwaso ƙafafuna na zo na tona kaina. Na durƙusa na kama ƙafarta.

"Tashi," in ji ta. "Na san abin da gari ka cewa bisa bakina, kuma ba ƙarya sunka yi ba. Na yi mai alkawari, ina roƙon Allah shi ba ni ikon cikawa. Amma ni ba shi ba ce. Ban yi karatunai ba, ban da haƙurinai, kuma ni ma tsuhwa nika yi. Abin da yas same shi shina iya samuna, sannan wa za shi yi surutu bisa kaina?"

Na fito ina ganin hanya bibbiyu. Ta faɗi gaskiya. Mai riƙe mini ya tafi, kuma babu wani a garin nan da aka horar ya riƙe irin wannan kaya. Ko dai in zauna sauran rayuwata ina kallon bakin Gwaggo da fuskar Inna, ko in sauke da kaina.

Na jira har Inna ta tafi gidan wata jikarta da la'asar. Maigidana yana tsakar gida a kan tabarma yana gyaran tocila, ya dawo daga tafiya ke nan. Na zauna nesa da shi na ce, "Malam, ina da magana, don Allah kada ka katse ni." Na faɗa masa tun daga safiyar farko, tukunyar, wuƙaƙen, lungun rigakafi, zuwan wansa asibiti, Maiyama. Ban ɗaga kai ba har na gama. Na ce, "Na warke tun tuni. Amma in za ka gaya wa Inna, ka bari in yi sallama da yaron tukuna."

Ya ajiye tocilar. Ya ce, "Duk wanga abu ina bisa hanya da albasa." Ya ƙara da cewa, "Kuma tsohon nan na yi ta zaginai a tasha, don na gaishe shi rannan muna tare da ke bisa hanya ya amsa mini ni ɗai, ke ko kallo."

Sai ya ɗaga murya ya kira yaron daga waje. Na ce a raina shi ke nan, wurin kakarsa za a kai shi. Yaron ya shigo da gudu, buɗu-buɗu da ƙasa har gira. Uban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Dibi jikinka kamar ɗan jaki. Tahi wurin uwarka ta ɗora ruwa ta yi maka wanka, ni za ni masallaci." Ya sa takalmi ya fita, ya bar mu mu biyu da murhu.

Na hura wuta, na ɗora tukunya, na sirka ruwan, na wanke ɗana tas ina kuka, shi yana tambayata ko sabulu ne ya shiga mini ido. A ranar na fara yi wa Baba kukan rashi, don kafin nan tsoro bai bar mini wuri ba.

Ya Allah, bawanka ya rufa mana asiri a garin da ba a rufa wa kowa, ya sha zagi da tsangwama bai buɗe baki ba. Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu, ka yalwata kabarinsa, ka ba Gwaggo da 'ya'yansa haƙuri. Baba, ban gaishe ka a hanya ba ko sau ɗaya. Ga gaisuwata, ta zo a makare.